Wace raga ce ta dace da ƙabar wurin ɗinki?

Wata mata da aka yi wa tiyatar haihuwa sau uku ta zo asibiti da kumburi a ƙasan cibiya, daidai kan tabon ɗinki. In ta yi tari ya turo, in ta kwanta ya koma. Da na ce ƙaba ce kuma sai an sa raga, mijinta ya ce, "Likita, a sa mata wadda ta fi tsada." Na ce, "Alhaji, bari mu fara duba inda za ta zauna."

Irin wannan ƙabar na fitowa ne idan naman bangon ciki bai haɗe da kyau ba bayan tiyata, sai hanji ya sami kafa. A wajenmu na fi ganinta bayan aikin haihuwa da aikin hanjin da taifot ya huda, musamman in ɗinkin ya yi ruwa. Ƙiba, ciwon suga da shan taba suna ƙara haɗarin.

Me ya sa ba a ɗinkewa kawai? Wani bincike da aka yi a Holan, aka wallafa a 2000, ya nuna cikin shekara uku ƙabar ta dawo ga kashi 43 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ɗinki zalla, amma kashi 24 ga masu raga.

Ragar da muka fi amfani da ita ta roba ce, ana kiranta folifurofilin. Tana da araha da ƙarfi, nama kuma yana ratsa idanunta ya riƙe ta. Ni na fi son mai manyan idanu, domin mai kauri da ƙananan idanu takan sa ciki ya yi tauri. Babban aibin ragar roba shi ne: in ta taɓa hanji sai ta manne masa, har ta iya huda shi. Saboda haka nake shimfiɗa ta a bayan tsokar ciki, hanyar da likitocin Faransa Rives da Stoppa suka yi suna da ita. Can ba ta ganin hanji, ba ta kusa da fata.

In dole ragar ta zauna a cikin ciki, kamar a aikin da ake yi da kyamara ta ƙananan huji, ana sa mai fuska biyu: ɗaya mai santsi tana kallon hanji, ɗaya tana kama nama. Nan tsadar take da dalili.

Akwai kuma wadda ake sarrafawa daga fatar dabba ko ta mutum, an fi tanadarta don ciwon da ke da ƙwayoyin cuta. Kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin majinyatanmu, tana saki a hankali, ƙabar kuma takan dawo. Wasu daga fatar alade ake yinsu, don haka hakkin majinyaci ne a faɗa masa kafin ya sa hannu.

Matar nan, raga mai araha muka sa mata, bayan ta yi wata uku tana daidaita suganta. Mijin bai so jiran ba. Na nuna masa cewa raga in ta kama ƙwayoyin cuta, wani lokaci sai an sake buɗe ciki an ciro ta, sannan ya haƙura.