Kifinka na raguwa amma ba ka ganin gawa? Duba cikin tankin



Lokacin da na fara kiwon tarwaɗa a bayan gidanmu nan Hotoro, 'ya'yan kifi 500 na zuba a tankin tamfol guda ɗaya. Bayan sati shida na rage ruwa na ƙirga, sai na ga saura 360. Gawar da na tsame duk tsawon lokacin nan ba ta kai 20 ba. Har na fara zargin yaran unguwa, Allah Ya yafe min. Ashe ɓarayin suna cikin ruwan. Wasu guda bakwai ne da suka yi ƙato-ƙato, su ne ke haɗiye ƙananan.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, tarwaɗa mafarauciya ce. Duk abin da zai shiga bakinta abinci ne, ko da 'yar uwarta ce. Kuma ko rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su, ba sa girma daidai. Da zarar wasu sun yi gaba, na baya sun zama nama.

Ga abin da nake yi yanzu:

1. Rarrabawa. A wata biyu zuwa uku na farko, duk sati biyu nake ware manya daban, matsakaita daban, ƙanana daban. Don haka kar ka fara da tanki ɗaya tal, ka tanadi aƙalla biyu. Ka yi aikin da sassafe, kuma kar ka ba su abinci kafin nan, don wanda cikinsa ke cike ya fi saurin galabaita.

2. Abinci a kan lokaci. Yunwa ce ke ƙara tayar da wannan hali. Ƙanana ina ba su sau uku zuwa huɗu a rana, ina watsawa ko'ina a tankin don kar masu ƙarfi su mamaye wuri ɗaya.

3. Girman ƙwayar abinci. Idan ka ba su 4mm alhali bakinsu na 2mm ne, manyan ne kaɗai za su ci, tazarar ta ƙaru.

4. Ruwa. Ragowar abinci da kashinsu na ɓata ruwa. In ka ji wari ko ka ga sun rage ci, canja ruwa, kar ka jira. Kifin da aka ciza ya ji rauni, a ruwa mai datti yake saurin kamuwa da cuta. Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, cin su na raguwa, sai ka rage hannu.

5. Raga a saman tanki. Tarwaɗa na tsalle ta faɗo waje, musamman da dare, ga kuma tsuntsaye.

Ka riƙa rubuta adadin da ka zuba da gawar da ka cire kullum. Lissafin nan ne zai tona maka asiri tun kafin ranar sayarwa, lokacin da ba sauran gyara.

Kai fa, yaushe rabonka da ƙirga kifinka? Allah Ya sa albarka a kiwonmu.