Tambaya da Amsa: Ganyen Shukata Yana Yin Rawaya Yana Zubewa

Tambaya: Ƙanwata ta ba ni shukar nan mai yaɗo da masu sayar da fulawa ke kira money plant. Na ɗora ta a kan kabad a falo, kuma kullum da safe sai na ba ta ruwa. Yanzu ganyen sai ya yi rawaya ya zube, rassan sun zubo har ƙasa amma fayau. Ko taki ne ya yi mata kaɗan?
Wata uwargida daga Zariya

Amsa: Ajiye maganar taki tukuna. Ruwan kullum ɗin nan shi ke kashe ta. Saiwa ma tana buƙatar iska, idan ƙasa ba ta tsanewa sai ta ruɓe, ganye ya bi bayanta. Zare shukar daga tukunya ki duba. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi, tana ɗan wari, ki datse ta da almakashi. Sai ki sake dasawa a ƙasar da kika gauraya da yashi da ɗan dakakken gawayi, cikin tukunya mai huji a gindi. Robobin kwalliya marasa huji da ake sayarwa sun kashe fulawa ba adadi.

Daga nan kada ki ba ta ruwa sai kin tsoma yatsa ya nutse gaɓa biyu kin ji ƙasa a bushe. Da damina takan yi fiye da mako ba ta nema ba.

Rassan da suka yi fayau kuwa, duhu ne. Asalin wannan shuka, Epipremnum aureum, daga tsibirin Mo'orea ne a Tekun Fasifik, inda take hawa bishiyoyi a inuwar kurmi. Haske take so, ba zafin rana ba. Matsar da ita kusa da taga mai siririn labule. A duhu har zanen rawayan nan mai kyau yakan ɓace, ganye ya koma kore zalla. Da hunturu ki riƙa goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma.

Reshen da ya zubar da ganyensa da wuya ya sake cika, don haka kada ki ji tausayin yanke shi. Ki duba jikinsa, a kowace gaɓa za ki ga ɗan ƙullutu ruwan ƙasa, nan saiwa ke fitowa. Yanka ƙasa da gaɓar kaɗan, ki bar ganye ɗaya ko biyu, ki tsoma a kwalbar ruwa. Ki riƙa sauya ruwan duk bayan 'yan kwanaki, kada ki yi wa sauro gida. Cikin mako 2 zuwa 3 za ki ga farar saiwa. In ta kai tsawon yatsa, ki dasa guda huɗu ko biyar tare da uwar, shi ne sirrin tukunyar da ke cika dam.

Taki sai ta fara sabon toho, shi ma kaɗan.

Abu ɗaya da masu sayarwa ba sa faɗa: ruwan jikinta yana ƙona baki ya kumbura harshe idan aka tauna. Tunda rassanki sun kai ƙasa, in akwai mai rarrafe ko kyanwa a gidan, ki ɗage su sama tun yau.