Kunya da Bayani a Gaban Masu Ɗaukar Aiki

Tun daga shekarar 2017, sa'ad da gwamnatin Jihar Kaduna ta jarraba malaman firamare kimanin 33,000, aka ce 21,780 daga cikinsu sun gaza, sa'an nan aka buɗe ƙofar ɗaukar waɗansu a madadinsu, maganar intabiyu ta shiga zaurukan Birnin Zazzau, daga Ƙwarbai har Limancin Kona. Ni kuwa da yake aikin shugabancin makaranta yakan zaunar da ni cikin masu tantance malamai, na ga ya wajaba in bayyana wa 'ya'yanmu abin da ya fi kayar da su, wanda galibi ba ƙarancin ilmi ba ne.

Yaron da aka haifa cikin ganuwa, aka hore shi da sunkuyar da kai gaban manya, da sassauta murya, da mayar da sani ga Allah duk lokacin da aka yabe shi, idan ya shigo ɗakin ganawa ya tarar da dattawa uku ko huɗu a bayan tebur, sai tarbiyyar nan tasa, wadda ita ce adonsa a gida, ta ɗaure masa harshe. A tambaye shi abin da ya iya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ana dai taɓawa." Alhali mai tambayar yana riƙe da takardar maki, kuma ba shi da gurbin da zai rubuta tawali'u a cikinta. A ganina faɗin abin da mutum ya iya, bisa gaskiya, gaban wanda zai ɗora masa amana, ba alfahari ba ne, shaida ce da shari'a ta halatta. Ai Annabi Yusufu, alaihissalam, da kansa ya nemi a ɗora shi bisa taskokin Masar, ya kuma ambaci tsare amanarsa da saninsa. Saboda haka, ɗana, ka gaisa da ladabi, ka zauna in an ba ka izini, amma ka ɗaga kai, ka ce ajin kaza na koyar lokacin gwajin koyarwa, yara kaza ne a ciki, ga dabarar da na bi har suka gane kasafi.

Mai neman aikin malanta ya sani lalle za a miƙa masa alli a ce ya koyar na 'yan mintoci. A nan ne ake gane wanda ya shirya. Da yawa sukan juya mana baya, su yi ta magana da allo, rubutun yana gangarowa kamar sahun tururuwa, ba su waiwayo sun tambayi ko an fahimta ba har lokaci ya ƙare. Maganin wannan mai sauƙi ne: a tara ƙanne a tsakar gida, a koya musu darasi guda da agogo a gefe, a maimaita har harshe ya saba, da Turanci da Hausa duka, domin ba a san da wanne za a nema ba.

Sai batun takardu, wanda kan hana mutum shiga ɗakin ma tun daga baranda. A jera na asali da kwafinsu tun jajibiri: sakamakon sakandare, da shaidar NCE ko digiri, da ta bautar ƙasa ga wanda ta hau kansa, da rajistar hukumar malamai ta TRCN, da takardar asalin ƙaramar hukuma. A duba haruffan suna da ranar haihuwa, gama wanda yake Muhammad a wata takarda, Mohammed a katin ɗan ƙasa, yana bukatar rantsuwar kotu, ita kuwa ba a samunta da safiyar ganawa. In a Kaduna za a zauna, tafiyar kilomita wajen 80 ce, a bar Ƙofar Doka da an sallame asuba.

Daga ƙarshe akan ce, "Kana da tambaya?" Kada ka ce babu, kada kuma ka fara da albashi. Tambayi ajin da za a ba ka, da yawan ɗaliban da ke cikinsa, da littattafan da makarantar take aiki da su.