YADDA A KE TAUSASA MAN SHANU IN YA DASKARE

Duk wadda ta taɓa ciro bota daga firij da sassafe, ko ta buɗe ƙwaryar man shanu cikin tsakiyar hunturu, ta san yadda ya kan sandare kamar sabulu. In an ce a shafa shi a burodi sai ya kekketa burodin. Mata da yawa, saboda gaggawa, sai su aza shi bisa wuta ya narke. To, wannan kuskure ne, domin tausasawa daban, narkarwa daban.

Ga dalili. Cikin kashi 100 na bota, wajen 80 maiƙo ne, wajen 16 ruwa ne, sauran kuma gishiri ne da ɗan abin da ya rage na nono. Ruwan nan ba a ganinsa, domin ya warwatsu cikin maiƙon ɗigo-ɗigo ƙanana ƙwarai. Sanyin firij ya kan kai digiri 4, a nan maiƙon ya ke ƙanƙamewa. Wajen digiri 18 zuwa 20 ya kan yi laushi daidai shafawa. Daga 32 zuwa 35 kuwa sai ya tsinke, watau tun bai kai ɗumin jikin mutum ba, wanda ya ke 37. Shi ya sa ya ke narkewa a baki. Da zarar ya tsinke, ruwa ya kan ware gefe guda, mai gefe guda. Ko an mai da shi sanyi ya sāke daskarewa, ba zai koma yadda ya ke ba, sai ya yi tsaki-tsaki. Mai yin kek ita ta fi kowa hasara, gama narkakken mai ba ya riƙe iska in an buga shi da sukari, sai kek ɗin ya fito da nauyi, ga ƙwai da fulawa sun tafi a banza.

Dabarar da ta fi kowace sauƙi ita ce a rage masa girma. Ki yanki iyakar abin da ki ke bukata, ki mai da sauran wurinsa nan da nan. Ki yayyanka wanda ki ka ɗiba ƙanana kamar ƙwayar sukari, ki baza su a faranti, kada su haɗu. Cikin minti 10 zuwa 15 za su yi laushi, alhali dunƙulen gram 250 ya kan ɗauki awa guda ko fiye a lokacin sanyi. In ya yi tauri ƙwarai, ki goga shi a magogin kuɓewa mai tsabta, ko ki sa shi cikin leda ki daddanna da muciya har ya baje.

Akwai kuma dabarar kwano. Ki cika tangaran ko kwano mai kauri da ruwan zafi, ki bar shi minti 2, ki zubar, ki share shi ya bushe sarai, sa'an nan ki kife shi bisa man. Ɗumin da kwanon ya riƙe shi zai yi aikin a hankali. Ki taɓa da bayan cokali. In ya loɓa amma bai yi ƙyalli ba, ya isa. Kada ki ajiye shi a rana, kada kuma a bakin murhu, domin waje zai tsinke ciki na nan da tauri. Da bazara ma ba a bukatar ko ɗaya daga cikin dabarun nan. Zafin ɗaki kaɗai ya isa, sai dai a yi tsaron kada ya wuce.

Abin da aka faɗa duka game da bota ta kanti ne, wadda aka yi da dafaffen nono. Ɗanyen man shanu na tallar nono, wanda a ke curawa a jefa cikin ƙwarya, hukuncinsa daban. Sau da yawa ba a dafa nonon da aka kaɗa shi, kuma ɗanyen nono ya kan ɗauko ƙwayoyin tarin fuka, da na cutar nan mai sa shanu ɓari, wadda kan sa mutum zazzaɓi mai daɗewa. Saboda haka kada a tausasa shi a shafa wa yara a burodi. Shi narkarwa ce ta dace da shi. A wanke shi da ruwa mai kyau, a zuba a tukunya bisa wuta kaɗan, a jefa albasa. Zai yi ta kumfa yana ƙara, ruwan ne ke fita. In ƙarar ta tsaya, albasa ta yi ja, a sauke kafin ya yi ƙauri, a tace da ƙyalle mai tsabta cikin busasshiyar kwalba, a rufe.

Soyayyen man nan ya kan yi watanni bai lalace ba, tun da babu ruwa a cikinsa, muddin ba a tsoma masa jiƙaƙƙen cokali ba. In hunturu ya daskarar da shi, a tsayar da kwalbar cikin ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba don kada ta fashe, a tsiyayi abin da za a zuba a tuwo ko dambu.