Waya Ta Hana 'Yata Barci

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 16 ba ta rintsawa sai wajen ƙarfe biyu na dare, tana kan TikTok da Instagram. Ta rage cin abinci, tana cewa ita mummuna ce, abu kaɗan sai kuka. In ƙwace wayar?

Amsa: Hajiya, kada ki ƙwace tukuna. Idan kika yi haka, za ta ari ta ƙawarta, ke kuma ta daina gaya miki abin da ke cinta.

An ƙera waɗannan manhajoji ne yadda za su riƙe mutum. Bidiyo na ƙarewa wani ya shigo, kuma abin da ta fi tsayawa kallo, irinsa ake ƙaro mata. Sai ta riƙa auna fuskarta ta tashi daga barci da fuskokin da suka sha kwalliya, manhaja kuma ta gyara su. A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fallasa binciken kamfanin da ya nuna Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙyamar jikinsu. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya yi gargaɗi cewa matasan da ke wuce awa 3 a rana a kafafen nan, haɗarin damuwa da fargaba na ninkuwa a kansu.

Abin da ya fi damuna shi ne barcin. Mai shekarunta na buƙatar awa 8 zuwa 10. Wadda ta kwanta ƙarfe biyu, ta tashi sallar asuba, ta tafi makaranta, dole zuciyarta ta yi rauni.

Saboda haka ki fara da dare. Ku yi yarjejeniya: bayan isha'i da awa guda, kowa ya kai wayarsa caji a falo, har da taki. Ki zauna da ita ba da faɗa ba, ta nuna miki waɗanda take bi, ku cire masu sa ta raina kanta. Ki tambaye ta ko akwai mai zaginta ko yi mata barazana da hoto. Ki cike gurbin wayar da Islamiyya, ziyarar dangi ko koyon sana'a.

Idan ƙuncin ya kai mako biyu bai sauka ba, ki kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Idan kuwa ta ce ta gaji da rayuwa, ranar za ku tafi. Damuwa ciwo ce mai magani, ba hauka ba ce, kuma addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Allah Ya ba ta lafiya.