NA'URAR WUYA: HANYAR SANIN YADDA SHANU KE KIWO

Makiyaya da manoma na Fadan Kagoma da kewayen Kafanchan, wannan darasi naku ne. Manufarsa ita ce a bayyana muku wata na'ura da ake ɗaura wa saniya a wuya ko a maƙala mata a kunne, wadda ke lissafa awowin da ta yi tana cin ciyawa, da na tuƙa, da na tafiya, da inda ta sa ƙafa tun daga fita har dawowa ruga.

Kada wani ya zaci wannan lissafi baƙon abu ne a ƙasarmu. Tun daga 1978 cibiyar binciken dabbobi ta Afirka, watau ILCA, ta kafa reshe a Kaduna, ta kuma zaɓi Abet kusa da Zonkwa, da Kurmin Biri cikin hurumin kiwo na Kachia, don nazarin shanun Bunaji na Fulanin da suka zauna wuri ɗaya. A lokacin babu wata na'ura. Ma'aikaci ne ke bin garke da agogo da littafi, yana rubuta abin da shanu ke yi. Rahoton da Wolfgang Bayer ya fitar a 1986 ya nuna abin mamaki: da damina, sa'ad da ciyawa ta fi yawa da amfani, a nan ne shanu suka fi samun ƙarancin lokacin ci. Dalili kuwa, makiyayi ba ya sakin su da sassafe sai raɓa ta kaɗe, don gudun tsutsar ciki, sa'an nan tilas ya tattara su wuri ɗaya saboda gonaki sun kewaye shi ta ko'ina. Saniyar da aka bari ta sake takan yi wajen awa 8 tana ci a rana. Wadda aka rage mata wannan lokaci da damina za ta shiga rani ba ta tara ƙiba ba, ta yi jinkirin haihuwa, nononta kuma ya ragu.

To, aikin da wancan ma'aikaci ya yi da agogo, shi na'urar ke yi yau, dare da rana, ba gajiya.

YADDA TAKE AIKI

Abubuwa biyu ne a cikinta. Na farko yana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam, ya san inda dabba take, kamar dai yadda wayar hannu ke nuna wa direba hanya. Na biyu yana auna motsi. Saniya mai cin ciyawa kanta a ƙasa yake, tana fizga tana matsawa gaba kaɗan-kaɗan. Mai tuƙa kuwa a tsaye take ko a kwance, muƙamuƙinta na juyawa a hankali. Kowanne da irin girgizar da yake sa wa wuya, na'urar kuma ta rarrabe su, ta aika da labari zuwa waya ko kwamfuta. Wasu batir gare su, wasu da hasken rana suke caji.

A manyan gandayen kiwo na Ostareliya da Amurka an kai ga yin shinge marar waya: in saniya ta doshi iyakar da aka zana mata a taswira, sai abin wuyan ya yi ƙara, in ta ƙi juyawa ya ɗan ja ta da lantarki. Kusa da mu ma, masu bincike sun bi sawun shanu da tumaki da awaki da irin wannan na'ura ta tauraro a yammacin Jamhuriyar Nijar, suka buga sakamakon a 2006.

AMFANINTA A WURINMU

Lafiyayyar saniya takan yi awa 7 zuwa 8 tana tuƙa. In tuƙarta ta ragu ƙwarai, ko ta fara zama a bayan garke, sau da yawa alamar ciwo ce tun kafin ido ya gani. A ƙasa mai kurmi da rafuka irin ta kudancin Kaduna, inda ƙudan tsando ke kawo sammore, kaska kuma ba ta yankewa, kwana biyun da aka riga ciwo na iya zama bambanci tsakanin allura ɗaya da asarar karsana.

Amma abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne ɓarna. Kowa ya san yadda ake yi: a wayi gari an ci gonar citta ko ta dawa, manomi ya ce garken wane ne, makiyayi ya rantse bai bi ta nan ba, a kai ƙara gaban mai unguwa da ardo babu shaida sai sawun kofato. Daga irin wannan ƙaramar gardama aka yi asarar rayuka a wannan yanki ba sau ɗaya ba. Garken da ke ɗauke da na'ura yana da rubutaccen sawu, da rana da sa'a. Yana wanke wanda aka yi wa ƙazafi, yana kuma kama wanda ya bar burtali. Saboda haka makiyayin da ya ɗaura ta, ya sani ta zama shaida a kansa kamar yadda take shaida dominsa.

ABIN DA BA TA IYAWA

Ba ta korar ɓarawo. Ɓarawon shanu na iya yanke ta ya yar, ko da yake takan nuna wurin da aka yi hakan. Cikin kurmi mai duhu saƙon tauraro yakan raunana, inda babu layin waya kuma labari ba ya isowa da wuri. Tana da tsada, har yanzu kuma ba ta bazu a rugagenmu ba. Sai dai ba lalle ne a saya wa kowace dabba ba. Shanu tare suke tafiya, don haka in sanin hanyar garke ake nema, a ɗaura wa biyu ko uku daga cikin masu jan gaba ya isa. Gane ciwo ne ke bukatar kowace da tata.

Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a 2024. Ƙungiyar makiyaya ko ta manoma da ke son gwada wannan na'ura ta fara tuntuɓar malamin dabbobi na Ƙaramar Hukumar Jema'a, ta kuma tambayi mai sayarwa tsawon ran batir, da kuɗin da za a riƙa biya kowane wata, da kuma hannun wanda labarin garken zai shiga.