Kaza Ba Ta Gumi: Kula da Kajin Gida Lokacin Bazara

Jama'a, daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwa ya sauka, zafi a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan wuce digiri 40. A wannan lokaci ne matan gida ke kukan kaji sun daina ƙwai, ko a wayi gari an tsinci ɗaya a mace cikin akurki ba tare da wata cuta ba. Sau da yawa ba annoba ba ce, zafi ne.

Ku sani, Allah bai halicci kaza da gumi ba. Zafin jikinta kansa ya kai wajen digiri 41, ga gashi ya lulluɓe ta. Idan rana ta take, ba ta da dabara sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta tona ƙasa mai sanyi ta kwanta. Yawan hakin nan yana taɓa jininta, har sinadarin da ke gina ɓawon ƙwai ya gaza. Shi ya sa ƙwan bazara yake zuwa ƙarami, ɓawonsa ba ƙwari.

Maganin farko ruwa ne. Kaza a bazara tana iya shan ninkin abin da take sha da sanyi, amma fa ba ta son ruwan da ya yi ɗumi. Roba ko kwanon da aka ajiye a tsakar gida tun safe, kafin azahar ya zama ruwan wanka, kaji su zo su leƙa su wuce. A zuba musu na randa, a cikin kasko, a ajiye a inuwa, a riƙa sauyawa. A ajiye wuri biyu ko uku, domin zakara da manyan kaji sukan hana ƙanana sha. Kaskon 'yan tsaki kuwa a jefa tsakuwa ciki kada su nutse.

Sai akurki. A nan ne ake yin babbar ɓarna. Mutum ya sami tsohon kwanon rufi ya kewaye, ya rufe sama, don tsoron muzuru da shaho, yana ganin ya yi gyara, alhali tanderu ya gina wa kajinsa. Wanda ya riga ya yi na kwano, ya shimfiɗa zana ko karan dawa a kan rufin, ya buɗe gefe biyu ya sa waya domin iska ta ratsa. In akwai darbejiya a gida, a gindinta ya kamata akurki ya zauna. Da tsakar rana a jiƙa buhun algarara a rataya ta inda iska ke shigowa, a yayyafa ruwa a ƙasa, amma kada a mai da wurin caɓi. A rage cunkoso, a share kashi.

Abinci kuma a ba su da sassafe da bayan la'asar, saboda narkar da tsaki da dusa yana ƙara wa jiki zafi. Da rana ɓawon kankana ko ɗanyen ganye ya wadatar.

Kajin Hausa sun fi na gidan gona juriya. Ko Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar domin yanayinmu, tana bukatar inuwa, balle kajin nama masu nauyi, su ne ke fara faɗuwa.

Idan kun ga kaza ta kwanta tana haki, ta kasa tashi, ku ɗauke ta zuwa inuwa, ku tsoma ƙafafunta cikin ruwan randa, ku shafa mata shi a ƙarƙashin fukafukai. Ban da ƙanƙara. In kuwa kaji suna mutuwa bi da bi, ga zawo ko murɗewar wuya, wannan ya wuce zafi, a hanzarta zuwa wurin malamin dabbobi. Masu kai kaji kasuwa kuma, don Allah a yi sammako, kada a ɗaure su a bayan babur da rana tsaka.